Wankan Jego a Shefild da Boilar da Ta Yi Mana Yaji

Da a gida ne, 'yata ce za ta zo wurina. Haihuwar fari ce, kuma mai jegon fari gaban uwarta take komawa har ta yi arba'in. To amma wadda aure ya kai Shefild, can arewacin Ingila, ba ta da yadda za ta ɗauko jariri ɗan kwanaki ta kawo shi Zariya, sai ni na ɗaure kaya. Biza ta ja mini rai har suna ya wuce ni. Ranar Talata 6 ga Disamba, 2022 na sauka Landan da akwati biyu, ɗaya da rabi duk kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da garin kunu da yajin jego. Kilishin da na saya kuwa a gida muka cinye shi, don an gargaɗe ni ba a shiga musu da nama.

Surukina ne ya tarye ni. Tafiyar sama da awa uku ce a babban titin da suke kira M1, kuma yawancinta cikin duhu muka yi, domin a wannan watan kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Kwana biyu na yi ina rikita salloli. Ka idar da azahar, ka ɗan zauna, la'asar ta shiga, kafin ka gama wanke-wanke waya ta kira magariba.

Shefild garin tuddai ne. Gidan nasu na haya ne, cikin jerin tsofaffin gidajen jan bulo masu manne da juna, a kan wani gangare mai tuna wa gwiwa shekarunta. Na shigo daga sanyin da ke yanka kunne na tarar da ɗumi ko'ina, amma ban ga wuta ba. Ba murhu, ba kaskon garwashi. Sai wasu faffaɗan ƙarafa farare a jikin bangon kowane ɗaki, radiyeta, 'yan'uwan lagireton mota, sai kuma wani farin akwati a bangon kicin wanda bai kai ƙaramin firji ba, yana gurnani ƙasa-ƙasa. Wannan ce boila.

Shekara 31 na yi ina koyar da fiziks a makarantun 'yan mata, kuma ritaya ba ta raba ni da bin diddigi ba. Duk lokacin da sabon angon nawa ya yi barci, sai in ɗauko ɗan littafin da aka ajiye a saman akwatin in sa tabarau. Irin wannan boilar kombi suke ce mata, don aiki biyu ta haɗa, ɗumama gida da ruwan wanka, kuma ba ta da tanki. Ruwa iri biyu ke ratsa ta ba tare da sun gauraya ba. Na farko a kulle yake, wani ɗan inji na kora shi daga boila zuwa radiyetoci ya dawo, shekara da shekaru ruwan nan ɗaya. Na biyu ruwan famfo ne. Da ka murɗa famfon zafi sai ta ji ruwa na gudu, ta kunna wutar gas, wani bawul ya karkatar da ruwan farko zuwa wasu siraran faranta na ƙarfe, a can ya miƙa wa ruwan famfo zafinsa ta jikin ƙarfen, kamar yadda ake tsoma kwalbar madarar jariri cikin kwanon ruwan zafi. Na durƙusa na ƙirga bututun da ke ƙarƙashinta, bakwai. Biyar na gane aikinsu daga zanen littafin. Biyun da suka rage, wani farin na roba da wani siririn na jan ƙarfe, na ga sun huda bango sun fita waje, ban bi ta kansu ba.

Ni kuwa ruwan zafi ne ya kawo ni ƙasar. A gida da tun asuba an girka tukunya a murhu, an tanadi ganyen darbejiya. A nan sai da muka yi ciniki da mai jegon, don ma'aikaciyar jinya ce. Ta tuna mini cewa likitocin garinmu ne tun shekarun 1970 suka rubuta yadda kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta ke taɓa zuciyar masu jego. Ban musa ba, na ga masu kumburi da idona. Muka daidaita: kunu ba kanwa, wanka safe da yamma da ruwan da hannu zai iya jurewa, tawul a madadin ganye.

Yajin farko ranar Asabar 10 ga wata ta yi shi. Da safe surukina ya lura radiyetan ɗakinsu ƙasansa da zafi, samansa sanyi ƙalau. Iska ce ta taru a sama ta hana ruwa hawa. Ya ɗauko wani ɗan makulli ya kwance ƙusar gefen, iska ta yi ta huci har ruwa ya biyo baya, ya ɗaure. Da ya ga abin ya yi, sai ya bi duk radiyetocin gidan ɗaya bayan ɗaya. Da yamma suna falo ana ihu Maroko ta fitar da Fotugal da ci 1 da nema, ni kuma na shiga haɗa ruwan wanka. Na tara hannu, na jira, na ƙara jira. Ƙanƙara.

A fuskar boilar wasu haruffa na ƙiftawa. Kusa da su akwai ɗan agogo mai allura ɗaya, shi ke nuna matsin ruwan da ke kulle. Littafin ya ce idan boila ta huce allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Tamu tana ƙasa da rabi, cikin ja. Lissafin ba wuya: iskar da ya fitar tana riƙe da wani ɓangare na matsin, kuma ruwan kulle ba ya da mai ƙara masa sai kai. Ita kuma an ƙera ta ne ta ƙi kunna wuta idan ruwa ya yi ƙasa, kada ta zama tukunyar da aka manta a murhu.

Tsakanina da surukina akwai kunya irin tamu, ko yana tsaye ta bakin matarsa nake aika saƙo. Na ce, "Ki ce masa ya dubi allurar nan." Ya duba, ya sosa kai. A ƙarƙashin akwatin akwai wani gajeren bututu mai saƙar ƙarfe kamar kitso, da makunni a kowane ƙarshe, shi ke haɗa ruwan famfo da ruwan kulle. Ya durƙusa ya buɗe su a hankali, muna jin ruwa na shiga, ni ina tsaye da tabarau. Da allura ta kai 1.3 na manta da ɗan aike na ce, "Tsaya haka nan!" Ya rufe duka biyun, ya danna maɓallin sake tayarwa, wuta ta kama. Ya ce, "Umma, ashe injiniya muka ɗauko daga filin jirgi."

Makon da ya biyo baya sanyi ya yi abin da ya ga dama. Labarai suka ce a wani ƙauye na Sikotland mai suna Braemar an auna digiri 17.3 ƙasa da sifiri. A cikin Shefild ɗin kanta, a unguwar Stannington, wani babban bututun ruwa ya fashe tun farkon wata ruwan ya shiga bututun gas, gidaje kusan 2,000 suka yi kwana da kwanaki ba ɗumi ba girki. Ga kuma tsada. Yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo, har gwamnati na rage wa kowane gida fam 400 a cikin wata shida. Duk wanda ya zo barka, bayan gaisuwa zancen bil ne. Surukina ya saita boilar ta huta da ƙarfe sha ɗaya na dare, ta tashi biyar na asuba.

Ranar Alhamis 15 ga wata ba ta tashi ba. Na farka alwala na ga numfashina na fita kamar hayaƙi a cikin ɗaki. Na tafi kai tsaye wurin agogon, ina ganin na riga na san cutar. Allura na kan 1. Ta ɗan sauka daga inda muka bar ta, amma ba ta shiga ja ba. Wannan karon ba matsi ba ne.

Abin da na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibai a ɗakin gwaji shi na faɗa wa kaina: idan kwan fitila bai kama ba, kada ki fara da zargin dokar lantarki ta Ohm, fara da batir. Muka kunna murhun girki, wuta shuɗiya ta kama, ke nan akwai gas kuma mita ba ta yanke ba. Fuskar boilar na haske, ke nan akwai lantarki. Ma'aunin zafin da ke bangon falo, wanda ke ba ta umarni, batirinsa lafiya lau. Muka danna maɓallin tayarwa. Fanka ta tashi, muka ji ƙyas-ƙyas na ƙyastu, sai wani sauti ya biyo baya kamar mutum na kurkure maƙogwaro, sai ta yi shiru, haruffan suka dawo. Muka sake, haka. Na ce a bar ta, abin da ya hana ta kamawa yana da dalili.

Sai ga surukina da sukundireba. "Umma, bari in buɗe in gani, ƙila wata waya ce ta saki." Masanin kwamfuta ne, kuma ɗan ƙasarmu ne, inda kowane magidanci ya taɓa kwance kafireton janaretonsa a tsakar gida. Ban ga laifinsa ba, jaririnsa ne ke cikin sanyi. Matarsa ce ta fito da goyo a kafaɗa ta ce, "Baban Boy, don girman Allah ajiye wannan abin." Ni ma na goyi bayanta. A yawancin waɗannan boiloli murfin gaban yana cikin abin da ke toshe ɗakin wuta, ya raba hayaƙin da iskar da mutanen gida ke shaƙa. Idan aka mayar da shi ba daidai ba, ko aka taɓa daidaiton gas da iska, abin da zai iya fitowa shi ne kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Mun san ta. Ita ce ke kwantar da iyali gaba ɗaya idan an kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko an shigar da janareto cikin gida don tsoron ɓarayi. A can doka ta keɓe cikin boila ga wanda ke cikin rajistar masu gyaran gas da ake kira Gas Safe, kuma tun watan Oktoban shekarar aka wajabta wa masu gidajen haya a Ingila su sa ƙararrawar wannan iska a ɗakin da boila take. Tamu na nan manne kusa da ƙofar kicin.

Ya ajiye sukundireba ya kira dillalan gidan, tunda gyaran ɗumi da ruwan zafi haƙƙin mai gida ne. Bayan dogon jira aka ce masa sai Litinin. Kwana huɗu! Muka tattara a ɗaki ɗaya da ƙaramar hitar lantarki, na koma sana'ar da na iya, dafa ruwa a manyan tukwane ina hawa bene da su.

Ceto ta maƙwabci ya zo. Wani dattijo ne ɗan asalin Yaman, mahaifinsa na cikin waɗanda suka zo aikin masana'antun ƙarfe da garin ya yi suna da su. Ya tarar da surukina yana kankare gilashin mota, ya ji labari, bai ce a kai shi kicin ba, ya ce a kai shi bayan gida. Na yafa bargo a kan hijabi na bi su. Ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa farin bututun robar nan da na raina, wanda ya fito daga bango ya gangara zuwa magudana. Maimakon ƙarar bututu mai rami, sai ya yi ƙarar itace.

Kunya ta kama ni, don darasina ne. Idan gas ya ƙone, tururin ruwa na cikin abin da yake haifarwa. Tsofaffin boiloli suna barin tururin ya fice da zafinsa. Na zamani, irin da aka wajabta sakawa a Ingila tun 2005, suna sanyaya hayaƙin har tururin ya koma ruwa, su ƙwace zafin da ke ɓoye a cikinsa. Ɓoyayyen zafi! Sau nawa na zana shi a allo? Ruwan da ya tsatso dole ya sami mafita, kuma da yake yana da ɗan tsami bututun roba ake yi masa. Ɗigo-ɗigo yake tafiya. A dare irin wannan ɗigon farko ya daskare a gwiwar bututun, na biyu ya hau kansa, kafin asuba hanya ta toshe, ruwa ya koma baya ya taru a cikin boilar. Kurkurar da muka ji ke nan. Ƙin kamawar da ta yi kare kanta take yi.

Wannan gyaran kuma na mutanen gida ne, tunda a waje yake kuma ba ya taɓa gas. Dattijon ya ce ruwa mai ɗumi, ban da tafasasshe, kada robar ta tsage. Na surka ruwa kamar na wankan jariri, ɗan fi zafi kaɗan, surukina na zubawa a jikin bututun daga gwiwa zuwa baki. A jug na huɗu muka ji ƙwas, wata ƙanƙara mai siffar bututun, tsawon yatsa, ta zamo ta faɗi, ruwa ya biyo ta. Dattijon ya sa aka watsa gishiri inda ruwan ya zuba, don kafin minti goma wurin zai zama tarkon karya ƙugu. Aka danna maɓalli. Ina tsaye a waje na ga farin tururi ya busa daga bututun hayaƙi, na ji mai jego daga sama tana hamdala.

A nan tsaye ne na ga ɗayan. Siririn bututun jan ƙarfen, wanda bakinsa ya lanƙwasa ya kalli bango, yana da ƙanƙara rataye a bakinsa, tsawon tafin hannuna. Ƙanƙara ba ta tsirowa inda ruwa bai bi ba. Na koma littafi. Bututun na bawul ɗin kariya ne, wanda ke buɗewa da kansa idan matsi ya kai bar 3, kuma a boila mai lafiya bai kamata ya jiƙe ba. Sai na tuna allurar da muka bari a 1.3 na tarar da ita a 1.

Na sami bayan wani ambulan na fara rubutu. Da asuba kafin ta tashi, 1. Bayan awa ɗaya tana aiki, 2.8. Washegari da asuba, 0.7. Muka ƙara ruwa, ya sake hawa, ya sake faɗowa. Ruwa na kumbura idan ya yi zafi, kuma ba ya matsuwa, don haka duk inda aka kulle shi sai an bar masa wurin miƙe ƙafa. A zanen littafin na ga wurin: wata 'yar tukunya da aka raba biyu da fatar roba, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska. Idan iskar ta tsere, ruwan ba shi da inda zai je sai ya tura bawul ɗin kariya ya zube a waje. Ashe ranar wasan Maroko ba surukina kaɗai ne mai laifi ba, ya dai ƙarasa abin da ya riga ya fara. Ban faɗa masa da wuri ba, na bar shi ya ɗan ƙara jin nauyin.

Ranar Litinin 19 ga wata gari ya juye, sanyi ya sake, ana yayyafi, labarai cike da bututun da suka fashe da ƙanƙara ta narke. Mai gyaran ya iso da hantsi, wani jibgegen Bature mai furfura. Tun a bakin ƙofa ya miƙo katinsa, da hotonsa da lambarsa, a baya kuma an jera irin ayyukan gas da aka yarje masa. Ya gaishe ni da wata kalma da ma'anarta masoyiya ce. Na dubi 'yata. Ta ce, "Umma, haka suke ce wa kowa a garin nan, har direban bas."

Na miƙa masa ambulan. Ya karanta, ya dube ni, ya tambayi aikin da nake yi a ƙasarmu, ya ce da kowane gida na ba shi irin wannan takarda da yana tashi aiki da azahar. Duk da haka bai ɗauki maganata ya hau kai ba, kuma wannan ya burge ni. Ya tambaya ko ruwan wanka na yin zafi ya yi sanyi ya sake zafi. Muka ce a'a. Ya ce da haka ne da sai ya zargi farantan nan sun toshe, ko da yake ya fi ganin haka a wajen masu ruwa mai farar ƙasa irin na Landan, na Shefild daga madatsun kan tuddai yake zuwa, ba ya barin ɓawo sosai. Ya tambaya ko radiyetoci na ɗumi idan an buɗe famfo alhali an kashe ɗumin gida, alamar bawul mai karkatarwa ya maƙale. Muka ce a'a. Ya bi ƙarƙashin kowane radiyeta da busasshiyar takarda yana neman yoyo. Sai da ya kore duk waɗannan sannan ya kashe wuta, ya rufe bawuloli, ya zubar da ruwan cikinta, ya cire murfin.

'Yar tukunyar na can baya, shafaffiya. A jikinta akwai bakin hura iska, sak irin na tayar mota. Ya danna tsinken, ya ce idan ruwa ya fito fatar ta yage sai sabuwa. Ruwa bai fito ba, iskar ma da ƙyar ta yi tsaki. Ya ɗauko famfon hannu ya yi ta bugawa har agogonsa ya nuna 1. Dariya ta ƙwace mini. Na haye teku na zo ƙasar Turawa, ga mai kati da lamba durƙushe yana aikin mai faci na bakin Kofar Doka a Zariya. Bawul ɗin kariyar kuwa ya canja shi da sabo, ya ce idan ya saba buɗewa datti na maƙalewa a bakinsa, ba ya ƙara rufuwa ruf. Ya kuma ja mana kunne kan yawan ƙara ruwa: kowane sabon ruwa da iskarsa yake shiga, iskar ta ci ƙarfen radiyeta, tsatsar ta zama baƙin taɓo mai toshe hanya. Da ya mayar da murfi ya kunna, sai ya zura wata na'ura a bututun hayaƙi ya tsaya yana karanta lambobi, ya rubuta su a takarda. Wannan ne abin da sukundireban surukina ba zai iya ba.

Daga nan muka fita bayan gida. Ya ce farin bututun siriri ne, milimita 21.5, alhali wanda zai bi ta waje ana son ya kai 32, mafi kyau ma a bi da shi ta cikin gida ya haɗu da magudanar wurin wanke-wanke. Zai rubuta wa mai gida. Na ce kafin nan ina da tsohon zane, sai mu naɗe shi. Ya girgiza kai, ya ce zane zai sha ruwan sama ya daskare, ya zama rigar ƙanƙara. Ya ɗauko wani baƙin soso mai rami daga motarsa, irin wanda ruwa ba ya shiga, ya sa wa bututun ya ɗaure. Na ba shi kunun gyaɗa a kofin shayi. Ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce kamar abincin safensu ne amma an fi shi hankali, ya shanye.

Mai jego ta yi arba'in a makon farko na Janairu, ba mu ƙara fashin wanka ba. Tsakiyar watan sanyi ya dawo, sosan ya riƙe. Har na haɗa kaya mai gida bai aiko a canja bututun ba. Da asubar da zan tafi, surukina na loda akwatuna, na kira 'yata kicin na sa ta karanta mini allura da bakinta. Ta ce 1.2. Na nuna mata makunnan nan biyu, na rataye jug ɗin a ƙusa kusa da ƙofar baya, sannan na hau sama in yi sallama da angona, wanda ya yi barcinsa bai ko buɗe ido ba.